Gaisuwar da Na Kai wa Kwamiti a Kurmi

Tun ranar da na sauka daga mota a Malumfashi ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A masallaci, "Tanko, yaya Kurmi?" A kasuwa, "Tanko, an samo?" Jiya har wurin jana'iza wani ya matso yana yi mini raɗa, wai da gaske ne 'yan sanda sun kama ni. To, ba wanda ya kama ni. Tunda yau Allah ya tara ku a zaurena, ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe, sau ɗaya tak, kowa ya huta.

Kun san ƙanena Haladu, wanda na riƙa tun rasuwar mahaifinmu. Da ya gama jami'a can Kurmi muka ce alhamdu lillahi, albashi ya zo. Ashe wai akwai wani digirin a saman wancan, shi kuma ba a aji ake samunsa ba, sai mutum ya zaɓi abu guda ya bincike shi, ya rubuta littafi a kai. Duk abubuwan da Allah ya halitta, Haladu bai ga na bincike ba sai tsutsar da ke cin auduga. Kun gan shi bara da damina, daga Bakori zuwa Danja, da kwalabe a buhu, yana biyan mata su tsinto masa tsutsa. Har yau matan Danja in sun gan ni sai su tambaya ko bana ma za a saya.

Binciken nan da kuɗi ake yin sa. Akwai keke, akwai kwalabe da maganin da ake jiƙa tsutsar kada ta ruɓe, ga ladan masu tsinta, ga hayar jaki, sannan mai buga littafin da tafireta shi ma ba don Allah yake yi ba. Jami'a ta ce tana da asusu musamman domin ɗalibai irinsa. Sai dai tsarinsu shi ne ka fara kashe naka, ka tara rasit, sannan kwamiti ya zauna ya mayar maka. Na ce, "Haladu, wanda ba shi da nasa fa?" Ya ce, "Yaya, ba su yi maganar wannan ba."

Abin da na mallaka shanun huɗata ne, Jatau da Duna. Da muka gama huɗar bara sai na ja Duna zuwa Funtuwa, na ba Alhaji Ɗanbaba dillalin shanu jingina. Muka yi sharaɗi a gaban shaidu: Duna zai ja masa amalanke lokacin kasuwar auduga, in na kawo kuɗi kafin ruwan shuka in ja abina, in kuwa ruwa ya riga ni, Duna ya shiga tarago zuwa mahautar Kurmi. Sa ɗaya ba ya huɗa, kun fi ni sani.

Kaka ta wuce, aka ci kasuwar auduga aka watse, bazara ta kama, kuɗi shiru. Wasiƙar Haladu kullum magana ɗaya ce, kwamiti bai zauna ba. Ni kuwa na san yaron nan, kunya gare shi, in ya ga babba sai ya sunkuyar da kai ya manta abin da ya kawo shi. Na ce wannan maganar manya ce, ba a barin yaro ya bi ta shi kaɗai. Mai ɗakina ta ce, "Ka dai rubuta masa kana tafe." Na ce rubuce-rubucen nan ne suka kai mu inda muke. Kuma tunda ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, na kama zabina mafiya ƙiba na zuba a kwando na ɗaure baki. Ita kuma ta ƙulla mini dakuwa da ƙuli-ƙuli, tana ƙunƙuni.

Akori-kura na hau zuwa Funtuwa, a kan buhunan gurya. Kafin mu kai Bakori motar ta mutu, muka sauka muka tura, ta tashi ta bar mu muna gudu a baya, direba na leƙowa yana zaginmu wai mun yi nawa. Da muka hau na sami kaina kusa da wani malamin makarantar mishan, Malam Bitrus, mutum mai hankali. Ya dubi kwandon ya tambayi inda za su. Na faɗa masa.

Ya ce, "Malam Tanko, manyan makaranta ba sa karɓar irin wannan fa. Laifi ne a wurinsu."

Na ce, "Malam Bitrus, Baturen auduga da ke zagaya gonakinmu, talo-talo nawa ake tara masa duk Kirsimeti? Ka taɓa jin ya mayar da ko ɗaya?"

Ya ce shi dai ya faɗa.

A Funtuwa na fara biyawa ta wurin Duna. Amalanke ta ci masa wuya, gashin wurin duk ya tafi, amma da ya ji muryata ya taso har igiya ta tsayar da shi. Alhaji Ɗanbaba ya ba ni tabarma da goro, ya yi mini addu'ar hanya. Bai ce uffan game da kuɗi ba. Ya dai ɗaga kai ya dubi gabas ya ce, "Kwana biyun nan hadari na leƙowa da yamma." Na ce na gani. A tasha kuma akawun tikiti ya ce zabi ma sai an biya musu. Na ce a cinyata za su zauna. Ya ce ko a cikin rigata za su zauna sai na biya. Na biya, raina a ɓace.

Wanda bai taɓa shiga jirgin ƙasa da zabi ba kada ya fara. Duk sanda jirgi ya yi kuka sai su amsa, su duka, kuma ba sa yin shiru sai ya sake wani. Kafin Zariya tarago duk ya tsane ni. Bayan mun sake jirgi a Kaduna wani soja ya ciro kuɗi ya ce in faɗi nawa ne, ya saye su ya yanka, jama'a su runtsa. Wadda ta cece ni wata Bayarabiya ce mai fataucin albasa, ana ce mata Iya, Hausa a bakinta kamar 'yar Bakori. Ta kwance gyalenta ta lulluɓe kwandon, suka yi tsit. Ta ce, "Maigida, kai ne mai zabi, ni ce zan koya maka?" Daga nan ta ɗauke ni kamar wani ɗanta, in na miƙe sai ta tambayi ina za ni.

Da ma na saurare ta. A wata ƙaramar tasha bayan Minna na sauka in yi alwala, ta ce jirgi ba ya daɗewa a nan, na ce ai direban ya ga mutane a ƙasa. Ina wanke ƙafar dama ya ja. Na bi shi da buta a hannu, babbar riga na harɗe ni, sojan nan da ya so yanka zabina shi ya miƙo hannu ya finciko ni. Takalmina ɗaya yana can har yau, in wani ya bi ta wurin.

Maganar iyaka kuwa, na sha jin ana cewa daga an haye Kwara an kusa barin ƙasar Arewa, don haka na ciro takardar harajina na riƙe a hannu. Muka hau wata gada mai tsawo, ruwa a ƙasa ba iyaka, na rufe ido ina salati. Muka wuce. Ba ƙofa, ba ɗan doka, ba wanda ya tambaye ni ko sunana. Yadda na gane mun bar gida shi ne, in na leƙa taga na ce sannu ba mai amsawa, sannan rumbu ya ɓace. Gari bayan gari, ko rumbu ɗaya ban gani ba. Na tambayi Iya inda mutanen nan ke ajiye abinci. Ta ce a cikin ƙasa yake, sai ana so a tono. Shanun huɗa kuwa babu su sam, gonaki a ƙarƙashin itatuwa, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga shi tuni damina ta kankama a wurinsu. Wannan ruwan bai yi mini daɗin gani ba, don na san Arewa ya nufa.

Abu ɗaya ya burge ni. A wata tasha na ga saurayi da kwat da takalmi sau-ciki ya zube rub da ciki a gaban wani tsoho, har haɓarsa na taɓa ƙasa. Mu durƙuso muke yi, su kwanciya. Na ce a raina, madalla, ƙasar da ake girmama manya haka, ai sun san gaisuwa.

A nan Iya ta saya mini abinci a ganye. Tuwo ne baƙi wuluk, na garin doya, sulɓi gare shi, kafin ka tauna ya wuce. Miyar ja wur da manja. Loma ta fari na ji kamar an cusa mini garwashi, hawaye da majina suka zubo tare, matan da ke sayarwa suka kewaye ni suna tafi. Na daure na ci, don yunwa ba ta san kunya ba. Da na zo kan nama na ce kai, wannan nama da daɗi yake. Iya ta ce, "Ai naku ne. Duk naman da muke ci daga wajenku jirgi ke kawo shi." Na mayar da tsokar cikin ganye na ba sojan.

Da muka isa garin da jami'ar take, Iya ta haɗa ni da mai kai ni unguwar Hausawa, na sauka gidan wani fatoma Bakano, irin masu saukar da fatake suna yi musu dillanci. Ɗaki ɗaya muka kwana da 'yan goro, sauro kuwa ba a magana, ga zafi mai danshi, riga ba ta bushewa a jikin mutum. Geron da zan ba zabi sai da na saya da tsadar da in na faɗa za ku ce ƙarya nake. Da safe fatoma ya ji abin da ke tafe da ni, ya leƙa kwando, ya jinjina kai.

Ya ce, "Malam, nan ma ana ci, har sun fi mu. Amma ta ƙofar baya ake kaiwa. Bar mini su, na san kukun da zan ba."

Na ce, "Subhanallahi! Abin da aka kai ta baya ai cin hanci ne. Ni gaisuwa na kawo. Gaisuwa kuwa a gaban jama'a ake yin ta, kowa ya gani, a sa albarka."

Ban da haka ma, yadda yake kallon zabin nan bai kwanta mini ba. Na ɗauki kwandona, na sayi takalmin roba a bakin hanya, na nufi jami'a.

Jama'a, jami'a gari ce guda. A ƙofa akwai wani ƙarfe da ake ɗagawa, in mai mota ne a ɗaga har da sara masa, in mai ƙafa ne a tsare shi da tambaya. Allah ya taimake ni wani tsohon soja ya zo wucewa, Baba Audu, mutumin wajen Danja, masinja ne a ofishin manya. Da ya ji Hausata sai ya rungume ni, ya ce da masu gadi ni ɗan'uwansa ne. Muna tafe ina kallon ikon Allah. Ga ciyawa kore shar, wadda za ta ƙosar da garke, an sa ƙarti suna yanke ta suna tarawa a ƙone. Ga wasu suna ban ruwa ga furanni, na tambaya ko ana miya da su, Baba Audu ya ce kallo kawai ake yi.

Na tarar da Haladu a wani ɗan ɗaki, kwalaben tsutsa har kan gado. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Da ya gan ni ya miƙe zumbur. "Yaya! Lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu, Duna ne ke shirin rasuwa.

Ya zaunar da ni ya warware mini yadda ake ciki. Da fari an dawo masa da takardunsa wai rasit ɗin da matan Danja suka dangwala wa yatsa babu kan sarki a jiki. Ya aika aka liƙa. Sai aka ce hayar jaki ba ta cikin doka. Dokar ta san mota, duk mil ɗin da ɗalibi ya yi da motarsa akwai abin da ake biyansa, amma ba ta san jaki ba. Na ce, "Wane ɗalibi ne ke da mota?" Ya ce akwai guda, ɗan wani attajiri, shi tuni aka biya shi. Kwamitin kuma ba kullum yake zama ba. Wancan karon shugaban ya tafi hutu Ingila. Kafin nan sun zauna, amma maganar sayen sababbin kujerun ɗakin taron ta cinye lokaci.

Ya ce, "Amma Yaya, ka zo da goshi. Gobe za su zauna, kuma akawu ya ce fayil ɗina ne a sama, an yafe maganar jakin, sa hannu kawai ya rage."

Yana rufe baki zabuwa ɗaya ta yi kuka. Ya dubi kwandon, ya dube ni, fuskarsa ta sauya. "Yaya, don Allah, don Annabi, kada ka kai wa kowa komai a nan. Ka bar ni da su."

Na ce to. Ban ce na yarda ba, to kawai na ce. A raina kuwa cewa nake, ga irin abin da boko ke yi wa yaro. Mutum zai sa maka hannu a kan dukiya, ka tsaya masa ƙiƙam ba ko na goro? Watanni nawa yana bin su hannu wofi, me ya samu? Na kai wa Baba Audu kwandon ya ajiye mini a bayan ofis.

Washegari muka je. A barandar ofishin an jera benci, ɗalibai masu jiran kuɗin bincike sun cika shi. Wani kifi yake bincike, wani tsofaffin takardun kotu, wata mace kuma waƙoƙin daka. Duk sun yi zuru-zuru, kowa da fayil a cinya, ba mai magana da ƙarfi, sai ka ce zaman makoki. Mai kifin yana ɗan jin Hausa, ya gaya mini keken ɗinkin uwarsa aka sayar. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Can aka kira Haladu ofishin akawu wai ya cika wata takarda. Yana ba da baya sai ga Baba Audu ɗauke da faranti, shayi da biskit, zai kai wa kwamiti. Na ce, "Baba, ka yi mini iso, kuma ka zama tafintana." Ya ce a soja ma in za a ga babban hafsa ba a zuwa haka nan. Na ɗauko kwando na bi bayansa.

Ɗaki ne mai faɗi, fanka na juyawa a sama, dogon tebur cike da takardu. A kan gaba wani Bature mai sanƙo da lofe a baki, sauran duk baƙaƙen fata ne irinmu, sun sha kwat da ɗamarar wuya a wannan zafi. Kujerun kuwa, gaskiya sababbi ne, sun yi kyau. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa, na dunƙule hannu na ce, "Ranka ya daɗe!"

Na yi magana yadda ake yi a gaban hakimi, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce ni ne Tanko, wan Haladu mai tsutsa, kuma ubansa tun da namu ya rasu. Na taso tun daga ƙasar Malumfashi in gode musu bisa riƙon yaron nan. Ga 'yar gaisuwa, ba yawa, a ba yara. Sannan ina roƙo a dubi maganar kuɗinmu da idon rahama, domin sana Duna na hannun dillali, ruwa kuma na tafe. Baba Audu ya ƙame kamar a fareti ya juya musu da Turanci, kalma bayan kalma. Haladu daga baya ya ce da ma Baba Audu ya rage wani abu.

Manya suka dubi juna. Bature ya cire lofe daga baki. Na ɗauka jira suke su ga abin da aka kawo, don ko a gida ba a miƙa gaisuwa a rufe, sai an buɗe an nuna ba ramammu ba ne. Na kwance igiya na ɗaga murfi.

Wayyo! Zabin da suka kwana biyu a ƙunshe. Suka tashi fir gaba ɗaya. Ɗaya ta nufi fanka, fanka ta maido ta kan tebur, ta bi ta cikin kofunan shayi. Ɗaya ta sauka kan sanƙon shugaba ta yi tsalle zuwa saman kabad. Takardu suka tashi sama, gashi na yawo, kuka kuwa har baranda. Wani babban malami mai furfura, wanda aka ce littattafansa sun kai Ingila, ya shige ƙarƙashin tebur yana kiran sunan uwarsa. Ni da Baba Audu muna bin su muna faɗuwa a kan sababbin kujeru. Na kamo guda ta ƙafa na ɗago kai, sai na ga Haladu tsaye a bakin ƙofa, alƙalami a hannunsa. Ya kafe ni da ido. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar akawu ya kira mu ya karanta hukunci. An ɗage maganar Haladu sai an bincika ko shi ya aiko ni in saye kwamiti. Wani ƙaramin kwamiti ne zai yi binciken. Za a zaɓi ƙaramin ne a zama na gaba. Zama na gaba kuwa sai an dawo daga dogon hutu, wato lokacin da dawa ke fitar da kai. Na ce a mayar mini da zabina, tunda ba a so. Ya ce an riƙe su a matsayin shaida. Kafin magariba ƙamshin suya ya tashi daga bayan gidajen akawuna, har Baba Audu ya kawo mini cinya guda a ƙunshe cikin takarda, ya ce an ce a gaya mini kiwona ya yi kyau.

Ku faɗi abin da za ku faɗa, ni har yau ban ga inda na saɓa ba. Na shiga ta ƙofar gaba, da rana tsaka, na faɗi sunana da na ubana. Wanda ya ce in bi ta wurin kuku, shi ne mai gaskiya ke nan? An ci zabina, an ce ni ne mara mutunci.

Amma abin da ya karya ni ba hukuncin ba ne. Da muka koma ɗaki Haladu ya kwance agogonsa ya ba wani ɗalibi, ya karɓo mini kuɗin jirgi. Ya zauna bakin gado cikin kwalabensa ya ce, "Yaya, zan bi ka. Na bar karatun nan. In ja garma da hannu, in biya ka Duna."

Na ɗaga hannu zan mare shi, abin da ban taɓa yi ba tun yana rarrafe. Na ce, "In ka sake faɗin haka ba ni ba kai. Ka zauna ka gama littafin tsutsar nan, ko da ni kaɗai zan saya, ko da ban iya karanta shi ba. In ka taho, sannan ne aka cuce mu." Ya kifa kai yana kuka, ni ma na juya ina gyaran hula.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, ƙasa kawai nake kallo ta taga. Ina fata in riga ruwa isa, in faɗi gaban Alhaji in roƙi ƙarin lokaci. Har Kaduna ina da sauran rai, don wani wuri jiƙe wani wuri bushe. Muna wuce Zariya na hango mutane a gonaki, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri. Na san ruwa ya riga ni.

A Funtuwa ban sami Alhaji Ɗanbaba a rumfarsa ba, aka ce yana tasha ana lodi. Na koma da gudu. Ya gan ni ya taso, ya kama hannuna biyu. Ya ce, "Malam Tanko, ruwa ya sauka kana can. Na jira ka har jirgi ɗaya ya wuce ni. An samo?" Na girgiza kai. Ya ce, "To, ka yi haƙuri. Ni ma dukiyar mutane ce a hannuna." Ban ga laifinsa ba, ko kaɗan.

Na bi taragun shanu ɗaya bayan ɗaya ina kira. Can wajen ƙarshe na ji ya amsa. An cusa su har ba wurin juyawa, amma ya ture na kusa da shi ya turo hanci ta tsakanin katako. Na ɗora hannu a kai. Duna a hannuna ya koyi karkiya, ni na yi jinyarsa shekarar da ciwon bushiya ya kama shi. Ban san abin da na riƙa ce masa ba. Jirgi ya ja, na bi shi har inda dakalin tasha ya ƙare. Na yi kuka a gaban 'yan dako, kuma ban ji kunya ba.

To, kun ji Kurmi. Kun sha dariya, na gani, har Ɗanjuma na riƙe ciki. Yanzu saura tawa. Na yi shuka, ta fito, huɗa ta matso. Jatau na nan bayan gida a turke shi kaɗai, ko dusa ba ya ci sosai. Ina neman wanda zai haɗa sansa da nawa, a yi gonarsa kwana biyu, a yi tawa kwana ɗaya, kuma ni zan riƙe garma duka biyun. Ɗanjuma, shanunka uku ne, kowa a nan ya sani. Daina kakkaɓe riga, ba inda za ka. Ɗago kai ka dube ni.